Zagayen Da Ba A Ƙirga Ba

"Ina wayar?"

Abin da Norbert Zastrow ya fara tambaya ke nan, tun kafin maƙwabcinsa Wendell ya gama ajiye baro a bakin garejin Norbert ɗin. Wendell yana haki, yatsunsa duk sun sha yanka, amma fuskarsa fal da murna, yana jiran a yaba masa. A cikin baron akwai gangar jikin wani tsohon injin lantarki, baƙin ƙarfe mai nauyin tsiya, an kankare cikinsa tas, ramukan da waya ke kwanciya a ciki duk sun fito fes.

"Na cire maka ita duka," in ji Wendell. "Kwana biyu na yi a kai. Yanzu ba abin da ya rage sai ka zauna ka naɗa sabuwa."

Tsohon ya jingine sandarsa, ya sunkuya a hankali, ya zura yatsa cikin rami ɗaya ya zaro ya duba. Sannan ya tambaye shi ko ya ƙirga kafin ya cire. Wendell ya ce ya ƙirga me? Norbert ya sake tambaya, to ina ita tsohuwar wayar take? Wendell ya ce ai tun jiya ya kai wa 'yan gwangwan, ya haɗa da mataccen injin wankin matarsa Arlene, tun da dai hanya ɗaya ce.

Norbert ya lallaɓa ya zauna a kan kujerar aikinsa. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da abin ya zo wa Wendell da sauƙi. Ya dai zuba wa injin ido, can ya ce, "Direba, ka kashe shi."

Wendell Havlicek ya shekara talatin yana tuƙa bas ɗin 'yan makaranta a garin, shi ya sa Norbert ba ya kiransa da komai sai Direba. Da ya yi ritaya sai ya kama aikin kafinta a garejinsa, ya kamu da son tsofaffin injinan katako, irin na baƙin ƙarfe da aka ƙera tun kakanni. Mutumin kirki ne, kowa a layin zai shaida. Shi ke share wa Norbert dusar ƙanƙarar ƙofar gida tun rasuwar matar tsohon, ba tare da an roƙe shi ba. Aibinsa ɗaya, gaggawa. Irin mutanen nan ne da ke wurgar da takardar bayani kafin su gama buɗe kwali, in abu ya lalace kuma su ce kamfani ne bai iya aiki ba.

Makonni uku kafin wannan rana ya sayo wani ƙaton zarto a gwanjon wata gona, ya fi shi tsayi, da injinsa na asali a ɗaure a gindi. Ko ƙurar bai kakkaɓe ba ya jona wuta. Injin ya yi gurnani, ya yi tari, hayaƙi ya cika gareji. Ƙaurin ne ya fito da Norbert daga gida, yana dogara sanda yana mita, wai ko daga cikin kabari ya san warin ƙonanniyar waya. Amma da ya goge ɗan allon tagulla da ke jikin injin ya ga sunan Thielke, sai mitar ta tsaya.

A masana'antar Thielke Norbert ya yi aiki tun yana ɗan shekara goma sha takwas har ranar da aka kulle ƙofarta, shekara talatin da ɗaya yana naɗa wayar jan ƙarfe da hannu. A da, rabin garin can suke ci, kuma da wuya ka shiga shagon kafinta a jihar Wisconsin ba ka tarar da injinsu yana juya zarto ko abin gogar katako ba. Yanzu inda masana'antar take filin ajiye motoci ne. Norbert ya sa Wendell ya kwance murfin injin, ya haska tocila a ciki, sai ga lamba goma sha huɗu an buga ta da guduma a jikin ƙarfen. Kowane mai naɗi yana da lambarsa, don in inji ya dawo a san wanda za a ci wa mutunci. Goma sha huɗu ta Norbert ce.

"Sama da shekara hamsin yana aiki," in ji shi, "sai da ya haɗu da kai."

Daga nan ya ce shi zai sake naɗa shi da hannunsa. A lokacin likita ya riga ya gaya masa zuciyarsa ta gaji, 'yarsa Paulette ma ta baro aikinta ta dawo gida tana jinyarsa. Amma tsohon nan sai ga shi ya farfaɗo. Ya sa an aiko masa da sabuwar waya, ya share teburin aikin da ya shekara goma bai taɓa ba, ya fito da 'yan katakan da ake naɗa koyil, wato gammon waya, a kansu ya jera. Paulette ta gaya wa Arlene cewa tun bazara ba ta ga ya cinye abincinsa ba sai a makon nan. Abu ɗaya ya ce wa Wendell: ya kawo injin ran Litinin, kada ya taɓa komai.

Wendell ya ɗauka mitar tsufa ce. Ya dubi hannayen Norbert da ke rawa in ya ɗauki kofi, ya dubi ƙonanniyar wayar da ta daskare kamar ƙanzo, ya ce a ransa wannan wahala ba ta dattijo mai ciwon zuciya ba ce. Sai ya ɗauki kurfi da filaya ya rage masa aiki. Da zuciya ɗaya ya yi, wannan kam ba shakka.

Abin da bai sani ba, kuma duk wanda ya taɓa kwana ɗaya a ɗakin naɗi ya sani, shi ne ba a cire tsohuwar waya sai an karanta ta. Ana yanka koyil ɗaya a ƙirga zagayensa ɗaya bayan ɗaya, a auna kaurin wayar, a duba daga rami na nawa ta tashi zuwa na nawa, a zana yadda aka haɗa bakunan. Sai an rubuta duk wannan sannan a sa kurfi. Katunan da kamfanin ke rubuta lissafin kowane inji kuwa, tun ranar da aka rufe shi aka loda su a babbar mota aka kai juji. Ƙonanniyar wayar nan ita kaɗai ta rage da ta san yadda aka naɗa injin.

Wendell ya bar baron a nan ya figi motarsa zuwa wurin 'yan gwangwan. Mai wurin ya nuna masa inda tarin jan ƙarfe yake jiya, yau wayam, an kwashe tun da safe. Ya kai injin wani shago a Milwaukee, suka juya shi suka ce su ba sa taɓa irin wannan, ya jefar ya sayi sabo. Wani shagon ya ce zai iya yin kintace, amma sai bayan wata uku. Ya rubuta wa masu tara tsofaffin injina a intanet, suka yi ta turo masa hotunan allunan suna da tarihin kamfanoni, wane ya sayi wane, wane ya rushe a wace shekara. Duk sun san sunan Thielke. Ba wanda ya san zagaye nawa ne a koyil.

Norbert ya ce a bar masa, zai tuna. Ai shi ya naɗa.

Sai dai ya naɗa dubbai, iri sun fi arba'in. Ranar farko ya ce zagaye arba'in da huɗu ne, ya rubuta a bayan ambulan. Washegari ya soke ya ce a'a, arba'in da huɗu na ƙaramin inji ne, wannan talatin da takwas ne. Bayan kwana biyu ya koma arba'in da ɗaya. Wendell ya ce to a ɗauki na tsakiya mana a gwada. Tsohon ya harare shi ya ce ba miya ake yi ba. In waya ta yi kaɗan injin ya ƙone, in ta yi yawa ya kasa jan zarto, kuma shi bai taɓa sa lambarsa a kan aikin kintace ba.

Kafin ganyen bishiyoyin layin su gama zuba, ƙafafunsa suka kumbura, hawa bene ya gagara. Aka kawo gadon asibiti aka kafa masa a falo, kusa da tagar da ke kallon garejin Wendell. Kullum da hantsi Wendell yakan shigo da kofi da burodin kirfa na Arlene, wanda Norbert ba ya iya ci sai dai ya shinshina. Norbert yakan sa a ɗora masa katakon naɗi a cinya, a miƙo masa bakin waya, ya rufe ido. Cewa yake kai ya manta amma hannu bai manta ba, in ya bar hannun ya yi tafiyarsa zai tsaya da kansa a inda ya saba tsayawa. Wendell yana riƙe da ƙullin wayar yana sakar masa, yana kallon yatsun nan masu rawa suna daina rawa da zarar sun kama aiki. Amma numfashi ba ya kai shi. Wajen zagaye na ashirin sai tari ya sarƙe shi, waya ta kwance, a koma farko.

Abin ya dami Wendell ƙwarai. In ya shiga garejinsa ya ga zarton nan tsaye ba inji, sai ya ji kamar ya kwashe shi ya zubar a kogi. Ba zarton ne ya dame shi ba. Ya ga da idonsa yadda mutum ya tashi daga kwance saboda aiki ɗaya, kuma shi ya karɓe aikin daga hannunsa. Sau biyu yana buɗe baki zai ba da haƙuri, Norbert yana katse shi da cewa ya riƙe waya da kyau, ya daina surutu.

Wata safiya ma'aikaciyar jinya ta ja Paulette gefe a baranda, Wendell yana jin su, ta ce a fara kiran dangi. A ranar Norbert ya ce masa, ba tare da ya buɗe ido ba, shi ba ya son komai yanzu sai ya ji injin nan ya tashi sau ɗaya.

To, mai gaggawa dai mai gaggawa ne. Wendell ya tafi kanti ya sayo sabon inji, ya ɗaura wa zarton, ya rufe shi da tsohon murfin don kada a gani. Arlene ta tsaya a ƙofar gareji da hannu a ƙugu ta ce masa, "Wendell, ka yi wa mutumin nan ɓarna ɗaya da sunan taimako. Kada ka ƙara ta biyu." Ya ce ita ba ta gane ba, ai daga gado zai ji, ta taga, kuma kunnen ɗan shekara tamanin da huɗu ne. Paulette ma ba ta so ba, amma ta gaji, ta ce ya yi abin da ya ga dama.

Ya shiga ya gaya wa Norbert cewa wani shago ya naɗa injin a kan zagaye arba'in da ɗaya, kuma ya yi daidai. Tsohon ya buɗe ido ya dube shi, ya ce to a buɗe taga. Wendell ya tsallaka gida da sauri ya danna makunni. Zarto ya tashi sumul, ba gargada. Ya ɗauko katako ya yanka, ya sake yankawa, ya bar shi yana gudu minti biyar cur, sannan ya kashe ya dawo yana kakkaɓe garin katako daga rigarsa.

Ya tarar da Norbert yana kallon silin.

"Ya tashi da ladabi," in ji tsohon.

"Ai na gaya maka."

"Namu ba ya tashi da ladabi. Namu sai ya yi gurnani tukuna, kamar an tashi maigida daga barcin rana. In ya kai gudu sai ka ji ƙas, gawayin da ke ba shi wuta a ciki ya ɗaga daga jikinsa, sannan ya yi shiru. Shekara talatin da ɗaya ina jin ƙas ɗin nan, sau ɗari a yini." Ya tsaya ya ja numfashi. "Direba, duk shekarun da ka yi kana ɗaukar yara, ba ka koyi ƙarya mai kyau a wurinsu ba?"

Wendell ya tsaya riƙe da hularsa, kunya ta rufe shi, ya rasa inda zai sa idonsa.

"Wayar da ka cire, rabin laifin nawa ne," Norbert ya ci gaba a hankali. "Na ce kada ka taɓa, ban gaya maka dalili ba. Haka aka koya mana, ba a gaya wa mutum dalili. Wannan ban riƙe ka ba. Amma yau ka ɗauke ni wanda ya riga ya tafi." Ya juya kai wajen 'yarsa ya ce ta rufe tagar, sanyi yana shigowa.

Wendell ya fita. Washegari da hantsi Arlene ta zuba kofi a gora ta ajiye masa a kan tebur, ya ce yau yana da aiki. Ba shi da aikin komai. Ya shiga gareji ya kwance sabon injin ya mayar da shi kwalinsa, ya zauna. Rana ta biyu ma haka. Yakan leƙa ta tsagar ƙofa ya hango tagar falon, ya ce gobe zai je, in ya samo abin da zai faɗa. Mutumin da bai taɓa jinkirin komai ba a rayuwarsa, sai ga shi ya koyi jinkiri a inda bai kamata ba.

Rana ta uku, Laraba, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, ya ji muryar Paulette a bakin shinge tana kiran sunansa. Yana zaune a kan bokiti a bayan zarton. Ya ji Arlene ta fito, ya ji ta ce wataƙila ya fita, ba ta gan shi ba. Bai motsa ba har ya ji ƙofar gidan Norbert ta rufe. Da Arlene ta shigo ta same shi, kallonsa kawai ta yi ta juya.

Alhamis da safe yana shan kofi a tsaye ya ga motar ma'aikaciyar jinya a ƙofar gidan, ba a lokacinta ba. Bayan awa ɗaya wata doguwar mota mai ruwan toka ta zo ta tsaya a bayanta. Mutum biyu suka shiga da gadon turawa. Wendell ya fito ba ko riga mai kauri, ya tsaya a kan ciyawar da raɓa ta daskare a kanta, har suka fito suka wuce ta gabansa.

An yi jana'iza ran Litinin. Bayan an dawo daga maƙabarta aka sauka ɗakin ƙasa na coci, matan unguwa suka jera burodi da naman alade da dankali da kofi. Tsofaffin ma'aikatan Thielke huɗu ne suka zo, duk abin da ya rage ke nan, suka haɗa tebur ɗaya suna gardamar wanda ya fi Norbert saurin hannu, suka kasa samo kowa. Wendell ya taya kwashe kujeru, ya taya wanke kofuna, ya yi duk abin da zai hana shi haɗa ido da Paulette.

Ita ta same shi, bayan kwana biyu, da rana tsaka, a garejinsa. Tana riƙe da wani abu a naɗe cikin tawul ɗin kicin. Ba ta zauna ba.

"Ran Laraba ya tashi da ƙarfinsa," ta ce. "Ya ce in ba shi katakon da waya. Ya naɗa, bai yi tari ko sau ɗaya ba. Can ya ce min, abin ya dawo, hannuna ya kama hanya, kira min Direba ya zo ya riƙe waya ya ƙirga, ni idona ba ya gani. Na fito na kira ka."

"Ina nan," in ji Wendell. "Ina bayan zarton nan. Na ji ki."

"Na sani. Motarka tana ƙofar gida."

Ta ce ita ta yi ƙoƙarin riƙe masa, amma ba ta iya sakin wayar daidai ba, tana ta sarƙewa. Ya jira, yana cewa a ba Direba minti biyar, ba ya daɗewa, shi da kullum yake cikin sauri. Daga baya barci ya ɗauke shi da katakon a cinya. Ba ta sani ba ko ya kai inda zai tsaya, ko a hanya ya tsaya. Ta ajiye tawul ɗin a kan teburin zarton, ta ce ba don ta ɓata masa rai ta faɗa ba, ta ga dai nasa ne. Ta fita ta ja masa ƙofa.

Wendell ya daɗe kafin ya buɗe. Koyil ɗaya ne a kan katakonsa, sabuwar waya tana ƙyalli, kowane zagaye ya kwanta a jikin ɗan'uwansa ba ɗaya da ya hau wani. Bai taɓa ganin aiki mai tsabta irin wannan ba, kuma baƙin ciki ya cika shi.

Ya jawo kujera kusa da taga inda haske yake, ya sa tabarau, ya fere ɗan tsinken katako. Ya ɗora bakin tsinken a kan zagaye na farko ya fara ƙirgawa a hankali, a fili, yana taɓa kowanne. Da ya kai ƙarshe ya koma farko ya sake, don kada a ce ya yi sauri. Duk sau biyun talatin da uku ya samu. Daga nan wayar ta bar katakon, ta miƙe kamar taƙi ɗaya, ba a lanƙwasa ta ba, ba a yanke ta ba.

Ya riƙe bakinta da yatsu biyu, ya zauna a nan. A waje Paulette tana fitar da gadon asibiti zuwa baranda, ita da mutumin da ya zo ɗauka.